Tuwo Ba Bulala Ba Ne: Magana Ga Iyaye Masu Bi A Kan Ciyar Da 'Ya'yansu



Sa'ad da mutum ya fara bin Hanya, tambayar da yakan kawo mana a kan abinci ita ce, "Malam, mene ne aka hana?" Yakan tambaya a kan giya, da naman da aka yanka wa iskoki a gindin tsamiya, da tuwon da maƙwabcinsa Musulmi ya aiko masa ran Salla. Tambayoyi ne masu kyau, muna kuwa amsa su a aji. Amma akwai wata wadda ban taɓa jin an kawo ba, ko da yake kowace safiya tana tsaye a ƙofar kowane gida: yaya zan ba ɗana abinci? Mutane suna tsammani wannan aikin mata ne, ba ruwan addini da shi. Ni kuwa na ce da ruwansa, gama kafin yaro ya san sunan Allah ya riga ya san hannun da ke ba shi tuwo, daga wannan hannu kuma zai fara zaton irin halin Uban da muke gaya masa yana sama.

Wata damina na sauka da yamma a gidan wani ɗan'uwa, a wani ƙauye tsakanin Malumfashi da Ƙafur. Tun ina zaure na ji kukan yaro, irin kukan da ke yankewa ya dawo. Da aka yi mini iso na shiga, sai na tarar da uwargidan ta kwantar da ɗanta, mai shekara ɗaya da 'yan watanni, ta matse ƙafafunsa da cinyoyinta, ta toshe masa hanci, tana zuba koko a tafin hannunta tana tura masa a baki. Yaron yana haɗiya yana shaƙewa, idanunsa sun fito. Na ce, "Uwargida, sannu da aiki. Me ya yi?" Ta ce, "Malam, bai yi kome ba. In ban yi masa ɗura ba, ba ya ci." Mace ce mai kirki, mai ƙaunar 'ya'yanta, ba ta fashin sujada, abin da uwarta ta yi mata, shi take yi.

Da aka kawo mana tuwo, ni da maigida, na hangi wani yaro kamar ɗan shekara bakwai a tsugune bayan rumbu. Na tambaya ko ba shi da lafiya. Maigida ya ce, "Lafiyarsa lau. Ya bar awaki sun shiga gonar mutane, yau da yunwa zai kwana, gobe ya hankalta." Tuwon nan bai wuce mini maƙogwaro da daɗi ba. Ga yara biyu a gida ɗaya suna kuka, ɗaya domin an tilasta masa ci, ɗaya domin an hana shi, darasin da suke koya kuwa guda ne: abinci yana hannun mai ƙarfi, da shi yake nuna ƙarfinsa.

To, bari mu duba yadda Allah ya ciyar da nasa 'ya'yan. A cikin Littafin Fitowa sura 16, Isra'ilawa suna jeji, suna gunaguni a kan Musa da Haruna, suna tuna tukwanen nama na Masar. Ba a bakin biyayya suke ba, a bakin tawaye suke. Duk da haka da gari ya waye, manna tana kwance kewaye da zango. Aka ba kowane mutum mudunsa, babba da yaro, ba a rage na mai gunaguni ba, ba a ƙara na mai shiru ba. Wanda ya ɓoye saura domin tsoron gobe, da safe ya tarar ta yi tsutsa tana wari. Shekara 40 ana haka. Ya hore su a kan zunubansu da hanyoyi dabam dabam, amma mannar safiya ba ta yanke ba sai da suka ci amfanin ƙasar Kan'ana. Da wannan yake koya musu su ci abin da ya ishe su, su kwanta ba fargaba, gama mai bayarwa yana nan gobe. A cikin addu'ar da Ubangiji ya koya mana ma, na rana ɗaya ya ce mu roƙa.

Ka lura da yaron da ake hana wa tuwo domin laifi. Ran da ya samu, ba ya ci kamar mutum. Yakan cusa, yana waige, yakan ɓoye ƙuli-ƙuli a aljihu, in uwar ta juya baya ya sa hannu a tukunya. Sa'an nan mu ce yaron nan mayunwaci ne, ɓarawo ne, mu ƙara masa wani horon. Alhali mu muka koya masa, gama wanda bai tabbata zai ci gobe ba, ba ya iya cewa ya ƙoshi yau. Ban ce kada a hori yaro ba. Wanda ya bar awaki suka yi ɓarna, a kai shi ya ba mai gona haƙuri da bakinsa, ya taya shi gyara darni, a hana shi dandali daren nan. Wannan horo ne da ya yi daidai da laifin. Amma cikinsa bai yi laifi ba. Ka tuna annabi Iliya sa'ad da ya gudu daga Yezebel, ya kwanta a ƙarƙashin itace a jeji yana roƙon mutuwa: mala'ika ya tashe shi ya ba shi gurasa da ruwa har sau biyu, sai daga baya, a Dutsen Horeb, Ubangiji ya tambaye shi abin da ya kawo shi can. Abinci ya fara zuwa, magana ta biyo.

Ɗura kuwa, ya 'yar'uwa, ina roƙonki saboda Kristi ki bar ta. A maƙogwaron mutum hanya biyu ce, ta abinci da ta numfashi, suna maƙwabtaka. Yaron da aka toshe wa hanci yana kuka, dole ya ja iska ta baki, kokon kuwa sai ya bi iskar ya faɗa huhu. Daga nan tari da zazzaɓi da ciwon huhu suke tasowa bayan kwana biyu ko uku, a ce sanyi ne ya kama shi, ko a ce iska ce. Wani yaron ma a wurin numfashinsa yake tsayawa. Wanda ya tsira kuma ya riga ya koyi cewa ludayi abokin gaba ne, da ya hango ƙwarya sai ya fara kuka, uwar ta ce, "Kun gani, ba ya ci sai da ɗura." Haka abin yake zagayawa kamar jaki a turke.

Allah da ya halicci yaro ya sa masa ma'auni a cikinsa, yana jin yunwa, yana kuma jin ƙoshi. Wata likita a Amurka, Clara Davis, ta gwada wannan, ta ba da labarinsa a 1928 da 1939. Ta lura da yara 15 sababbin yaye, ana jera musu abinci iri iri a gabansu, nama da ƙwai da madara da hatsi da ganye da 'ya'yan itace, aka hana masu reno su matsa musu ko su zaɓa musu. Wata rana yaro ya ci da yawa, wata rana kaɗan, wata rana ya nace wa abu ɗaya. Amma da aka bi su wata da watanni, dukansu suka yi girma lafiya. Sai dai ka riƙe wannan: a cikin abin da ta jera musu babu alewa, babu sukari. Zaɓen abin da za a sa a gaban yaro, da lokacin da za a sa, aikin iyaye ne. Yawan abin da zai shiga cikinsa kuwa, a bar wa ma'aunin da Mahalicci ya sa masa. In ya kau da kai ya rufe baki, a ɗauke ƙwarya ba faɗa, a sake kawowa an jima. In ya ƙi miyar zogale yau, kada a ce ba ya cinta. Yaro yakan ɗanɗana sabon abu sau goma ko fi kafin ya karɓe shi, ya fi saurin karɓa kuma in ya ga uwarsa da ubansa suna ci da marmari. Mai haƙuri shi kan dafa dutse. Amma yaron da ya ƙi ci sam, yana zazzaɓi ko gudawa, yana ramewa, wannan ba taurin kai ba ne, ciwo ne; asibiti za a kai shi.

Akwai kuma wata hanya mai laushi wadda ita ma ɓata yaro take yi, watau ciniki. "Yi shiru in saya maka biskit." "In ka cinye tuwonka, ka sha lemo." Yaro ba wawa ba ne. Ya gane cewa tuwo wahala ce da ake biyan mutum ya sha, abin kirki shi ne na cikin leda. Ya gane kuma cewa maganin ɓacin rai zaƙi ne, har ya girma in ransa ya ɓaci sai ya nemi abin da zai sa a baki, yau alewa, gobe abin da ya fi alewa. Na ga mata suna kai ƙwai da gyaɗa da waken soya kasuwar Malumfashi, su sayar, su komo da biskit da lemon kwalba domin su faranta wa yara rai. Sun ba da abin da ke gina jiki, sun karɓo abin da ke cinye haƙori ya kashe cin tuwo. Likitoci sun ce kada a ƙara wa yaro sukari kafin ya cika shekara 2, kada kuma a ba jariri zuma kafin ya cika shekara 1. Ba haramun ba ne yaro ya sha alewa ran Kirsimeti. A ba kowa tare, don murna, ba don lada ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji mutanen dā. Isuwa ya sayar da gādonsa na ɗan fari a kan ƙwarya ɗaya ta jan wake, kowa ya san wannan. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a cikin sura ɗin nan ta 25 ta Farawa an gaya mana cewa Ishaku ya fi son Isuwa saboda naman farautar da yake kawo masa. A gidan da uba ya auna ƙauna da abin baki, a nan ɗa ya tashi ya auna albarka da abin baki.

Wannan ya kawo ni ga maganar da za ta yi wa maza zafi, ni ma ina cikinsu. In an yanka kaza a gidanka, wa ke cin tsoka? Maigida da baƙonsa. Yara sai ƙafa da kai da wuya, in an samu. In an tambaye mu sai mu ce, yaron da ya saba da nama da ƙwai zai yi sata. Ban sami wannan a Littafi Mai Tsarki ba, ban kuwa gan shi a cikin mutane ba. Ɓarayin da na sani, yawancinsu hani ne ya kai su. Kai ka gama girma, ƙashinka ya riga ya ƙosa. Ɗanka kuwa yanzu ake gina shi, kamar ɗakin da ake ɗora wa tubali, abin da aka rage masa kafin ya cika shekara 2 da wuya a mayar masa daga baya, a tsawonsa da kuma a kaifin hankalinsa. 'Ya'yan Eli firist, Hofni da Finehas, sukan aika a caka cokali mai yatsa uku a tukunyar hadaya a kwaso musu abin da ya fi kyau, Allah kuwa bai ƙyale gidan ba. Kada ubangidan da ake kira da sunan Kristi ya zama mai irin wannan cokali a tukunyar iyalinsa. Kada kuma a fifita ɗa namiji a kan 'ya mace wajen rabo, ko ɗan ɗaki a kan maraya da agola. A gidan mai mata fiye da ɗaya tun kafin ya tuba, wannan wuri ne da Shaiɗan yakan shiga da sauƙi.

Cin abinci a akushi ɗaya al'ada ce mai kyau, tana koya wa yara zumunci da kunya. Amma ƙaramin da aka zaunar da yayyensa, kafin ya kai loma biyu sun suɗe kwano. A ba shi nasa ƙaramin kwano a kusa da uwarsa, domin ta ga abin da ya ci da idonta.

Ga jariri kuwa, Allah ya riga ya shirya masa abincinsa. Dakashi, watau nonon farko mai kauri, wanda tsofaffi sukan ce a matse a zubar domin ƙazanta ne, shi ne garkuwar farko da jariri ke samu daga cututtuka. A sa shi a nono tun cikin sa'ar farko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla har wata 6, ba ruwa, ba jiƙo, ko da a bazara, gama ruwan da yake bukata yana cikin nonon. Daga wata 6 a fara ba shi abinci sau 2 ko 3 a yini, daga wata 9 sau 3 ko 4, da ɗan abin taɓawa a tsakani, ana ci gaba da nono har shekara 2 ko fi. Cikinsa ƙarami ne, don haka koko tsararo ba ya yi masa kome sai cika shi da ruwa. A dama kunu da kauri yadda ba zai zube daga cokali ba, a haɗa garin gero ko dawa da na gyaɗa da na waken soya da aka soya aka niƙa, a sa ɗan man ja ko man gyaɗa, a murtsuke masa ƙwai, ko wake, ko kabewa, ko zogale. Duk waɗannan a gonakinmu suke. Gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna kada ta shiga kunun yaro, gyaɗa ɗungum kuma tana maƙale wa ƙananan yara a wuya.

Yaye ma a yi shi da sannu. Mun saba a shafa wa nono abu mai ɗaci, a ɗauki yaro rana ɗaya a kai shi gidan kaka, ya rasa nono da uwa gaba ɗaya. In an yi kwanika kuwa sai a cire shi da gaggawa, wai nonon mai ciki guba ne. Ba guba ba ne. A 1933 wata likita Baturiya, Cicely Williams, ta bayyana wata cuta da ta gani a ƙasar Gana ga yaran da aka bari da kokon masara kaɗai. Sunan da mutanen Ankara suke kiranta da shi, kwashiyoko, ma'anarsa ciwon yaron da ƙaninsa ya ture. Mu ma mun san ta a cikin tamowa: ƙafafu su kumbura, gashi ya yi ja ya yi laushi, yaro ya daina wasa, ya ƙi abinci. Ba sammu ba ne, ba maita ba ce, kada ka zargi kishiya ko tsohuwar unguwa. Ma'aikatan lafiya suna da wani ɗan ma'auni da suke zagaya wa damtsen yaro. In ya nuna ja, watau ƙasa da santimita 11.5, ransa yana cikin haɗari. Ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ta fara jinyar masu tamowa a Jihar Katsina a 2021, ta ce yara 652 suka mutu a wuraren jinyarta a watanni 6 na farkon 2025, domin ba su sami magani da wuri ba. Yi addu'a, ya ɗan'uwa, amma ka yi ta kana tafe a hanyar asibiti. Sa'ad da Ubangiji ya ta da 'yar Yayirus, mutanen ɗakin suna cikin mamaki, shi kuwa abin da ya umarta shi ne a ba yarinyar abinci.

Na san wani zai ce, "Malam, wannan maganar masu cikakken rumbu ce." Gaskiya ne akwai gidajen da ba hani ke sa yara kwana da yunwa ba, babu ce. Kakanninmu sun ba da labarin yunwar Kakalaba ta 1914, iyayenmu sun ga farin 1973, mu kuma mun ga shekarun da 'yan bindiga suka hana manoma shiga gonakinsu a wajen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Wanda ke cikin wannan hali ba na ɗora masa laifi; nauyinsa yana wuyan Ikkilisiya, kamar yadda manzanni suka keɓe mutum bakwai a Urushalima domin kada a manta da gwauraye wajen rabon abinci. Ya faɗa wa dattawa, ba abin kunya ba ne. Amma ƙasarmu ta dawa da masara ce, motoci suna lodi daga Funtuwa da Dandume da Bakori zuwa ko'ina cikin Nijeriya. Da yawa daga cikin masu kuka a watan Agusta, su ne suka sayar da hatsinsu da arha da kaka domin biki, ko babur, ko suka jiƙa dawar yara aka dafa giya. Kafin ka ɗinke buhun sayarwa, ka auna na gida har zuwa sabon hatsi, ka ware wa yara gyaɗa da wake da waken soya, ka shanya kuka da kuɓewa da zogale. Hatsin gayaunar matarka kuma ba naka ba ne da za ka kai kasuwa.

Sauran abu kaɗan ne. Ku yi godiya kafin ci, gajeriya, yadda ƙaramin zai iya cewa amin kafin tuwo ya huce, wani lokaci ku bar shi ya yi ta da bakinsa. A wanke hannu da sabulu. Kada lokacin ci ya zama lokacin shari'a. Laifin rana ya jira a gama. Kada a yi wa yaro dariya domin ƙibarsa ko ramarsa, ko a laƙaba masa suna a kan cinsa, gama irin wannan suna yakan bi mutum har furfura. Kada kuma a tsorata shi da cewa wani abinci na iskoki ne. Bulus ya koya wa Timoti cewa abin da Allah ya halitta mai kyau ne in an karɓe shi da godiya. Giya kam, ko ɗigo kada a lasa wa yaro domin ya yi barci. A ba shi kunya ɗaya a bayan gida ya shuka kuɓewarsa. Yaro ba ya raina miyar da ya yi wa ban ruwa. A aike shi da ƙwaryar tuwo gidan maƙwabci, Kirista ko Musulmi, domin ya saba da bayarwa, gama ran da aka ciyar da mutum 5,000 a gefen Tekun Galili, guzurin wani ɗan yaro ne Andarawus ya nuna, gurasa biyar da kifi biyu, bayan an ƙoshi kuma aka tattara gutsattsarin har kwando 12 domin kada kome ya lalace.

Daren nan a ƙauyen, bayan mun yi magana mai tsawo, maigida ya tashi da kansa ya ɗauki sauran tuwonmu ya zagaya bayan rumbu. Uwargida kuwa ba ta yarda nan da nan ba. Ta ce surukarta za ta ce ta yi sakaci da jikanta. Sai da na roƙi matar wani dattijon Ikkilisiya ta je ta zauna da su biyun. Suka fara sa yaron a cinya yana zaune, da ɗan kwanonsa da cokali, kunu mai kauri da gyaɗa. Kwana uku na fari bai ci abin kirki ba, ya fi shafa wa fuska, uwar tana kuka a ɓoye tana ƙara masa nono. Da na koma bayan an yi girbin gero, na same shi a tabarma kusa da yayansa, yana miƙa hannu yana ƙwace masa dafaffen wake.